Yaushe Ake Sakar wa Yaro Hanya?

A tashar motar Sabon Birni, kamar sauran tashoshinmu, babu takardar da ke faɗin ranar da yaron mota zai zama direba. Lasin daban, yardar maigida daban. Lasin kam kowa ya san wani da ya same shi tun bai iya ribas ba. Yardar maigida ita ce magana: ranar da zai miƙa maka makulli, ya ce ga fasinja nan ka kai su Isa ka dawo, shi kuma ya koma kan benci ya zauna. Wani yakan sami wannan rana cikin shekara biyu. Wani sai ya yi bakwai yana ɗaure kaya da igiya, har gemu ya fito masa, ana ce masa tukuna.

Ƙanena yana cikin 'yan tukuna. Shekararsa huɗu ke nan yana bin Kawunmu a wata tsohuwar Golf da ke jigila tsakanin Sabon Birni, Isa da Shinkafi, wani lokaci har Sakkwato ta Goronyo. Da wankin mota ya fara. Yanzu ya iya canza taya kafin ka gama shan shayi, yana jin kukan inji ya gaya maka fulogi ne ko famfon mai, kuma in lagireto ya fara yoyo a daji ya san dabarar da za ta kai su gari. Tuƙi kuwa ba a magana, in Kawu na gefe shi ke jan motar rabin tafiya. Amma shi kaɗai da fasinja, ko sau ɗaya. Duk hutun da na je gida wannan ce ƙarar da yake kawo mini, wai ni ne ɗan boko, in yi wa Kawu magana. Sa'o'insa biyu sun riga sun karɓi motoci a hannun wasu iyayen gida. Akwai kuma yarinyar da yake so, kuma iyayenta sun fara tambayar sana'ar yaro. Yaron mota ba amsa ce mai daɗin kaiwa gidan surukai ba.

Abin da ya ba ni bakin yi wa Kawu magana daga aji na samo shi, kuma daga inda ban zata ba. A ND II, a darasin yadda ruwa da iska ke gudana, malaminmu ya nuna mana bidiyon wani jirgin sama marar inji, wanda Turawa ke kira gilaida. Fukafukai dogaye sirara, mutum ɗaya a ciki kamar an kwantar da shi a kwale-kwale. Ana fizgarsa sama da igiyar waya da wata na'ura ke naɗewa a ƙarshen fili, ko kuma ƙaramin jirgi mai inji ya ja shi, sannan a sake shi. Daga nan babu mai, babu farfela. Malam lissafin ɗagawa da turjiyar iska yake son mu gane. Ni tambayar da ta tsaya mini ita ce: wa ke yarda ya saki yaro a cikin wannan abu ya yi nisa, kuma da wane ma'auni?

Kafin amsar, sai an san yadda abin ke tafiya. Jirgin a kullum gangarowa yake yi, sai dai a hankali. Na koyo, irin ASK 21 da ake yi a Jamus, yakan ci gaba sama da mita 30 a duk mita ɗaya da ya sauko. Wato in yana mita 1,000 a sama kuma iska na kwance, zai kai kamar kilomita 30 kafin ya taɓa ƙasa. In yana son wuce haka dole ya sami iskar da ke hawa sama da saurin da ya fi na saukowarsa. Mu mutanen Gobir mun fi Bature ganin wannan iska, ba mu dai ba ta suna ba. Rana ta gasa fako ko gonar da aka girbe, iskar da ke kai ta yi zafi ta tashi kamar ginshiƙi. Guguwar da ke murɗa kara da leda a bazara gindin irin wannan ginshiƙi ne. Shirwa da ungulu da ke kewayawa a saman mahauta ba tare da kaɗa fiffike ba a cikinsa suke. Shamuwa ma haka take cin dogon zango in damina ta gabato. Matuƙin gilaida kwaikwayonsu yake: ya sami ginshiƙi ya yi ta kewaya har ya hau, ya miƙe ya gangara zuwa inda yake zaton akwai wani, ya sake hawa. In ya yi zato bai samu ba, ƙasa ce ke jiransa, kuma ba a filinsu ba.

Wani abin da ya kamata ya taɓa mu 'yan kimiyya da fasaha: ɗalibai ne suka raya wannan fanni. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Basai ta 1919 ta ɗaure wa Jamus hannu a harkar jirage masu inji. Sai ɗaliban manyan makarantun fasaha na Hanoba da Damshitat da Akan suka koma ƙera marasa inji da katako da yadi, suna haɗuwa a kan dutsen Wasakufe tun daga 1920 suna gasa. A 1922 wani ɗalibi daga Hanoba, Arthur Martens, ya yi sama da awa ɗaya a sama babu inji. Aikin ɗalibai ne irin namu, sai dai nasu ya tashi, namu kuwa galibi a sito yake ƙarewa ƙura ta rufe shi. Wannan zance ne na wata rana.

To, ga ma'aunin. A wurinsu tashi kai kaɗai ba shi ne ƙarshen koyo ba, kusan ma farkonsa ne. A ƙasashen Turai yaro ɗan shekara 14 zai iya tashi shi kaɗai, amma a kewayen fili, inda ko yaushe tsayin da yake da shi zai iya maido shi gida, kuma malami na ƙasa yana kallo. Lasin sai ya kai 16, kuma sai ya yi aƙalla awa 15 na horo, ya tashi ya sauka sau 45, ya yi tafiyar ƙetare gari ta kilomita 50 shi kaɗai ko ta kilomita 100 tare da malami. A da Ingila tana da nata tsarin mai hawa-hawa. Akwai lambar tagulla, wadda ke neman tashi 50 kai kaɗai, ko tashi 20 da suka haɗa awa 10, da jarrabawar takarda da ta sama. Ko ka same ta ba a sake ka ba. Sai ka ƙara da izinin ƙetare gari: ka nuna ka taɓa riƙe kanka a sama awa ɗaya, wani karon awa biyu, ka nuna ka iya bin taswira, sannan malami ya ɗauke ka a jirgi mai ɗan inji, ya rage wuta a tsakiyar karkara ya ce zaɓi gonar da za ka sauka. Bayan wannan ne mutum ke neman lambar azurfa ta hukumar wasannin sama ta duniya, wadda ake bayarwa tun farkon shekarun 1930: awa 5 a sama, hawan mita 1,000, da tafiyar kilomita 50.

Kilomita 50 ɗin nan ne ya sa na tuna gida. In ka ja layi miƙaƙƙe daga Sabon Birni zuwa Isa bai ma cika haka ba. Kuma sun toshe hanyar wayo: ba za a ja ka can ƙololuwa a sake ka ka gangaro kawai ba, domin a irin wannan tafiya tsayin da ka rasa tsakanin farawa da gamawa bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin 100 na nisan ba, wato mita 500. Dole ka nemo iskar hawa da kanka a hanya, a saman ƙasar da ba ka saba da ita ba.

Zaɓen gona shi ne zuciyar abin. Ana koya wa matuƙi ya duba tsawon gonar, gangarenta, abin da aka shuka, ko akwai dabbobi, ko akwai wayar lantarki, da inda iska ke fitowa. Galibi ana ce masa in ya sauko kamar mita 600 ya tabbata yana saman ƙasar da za ta sauku, in ya kai wajen mita 300 ya riga ya tsayar da gona ɗaya, daga nan kuma ya daina neman hawa ko da ya ji alamar iska na ɗaga shi. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya. Mutum ya yi kilomita 45, saura biyar ya sami lambarsa, ga wata shirwa can tana kewayawa, zuciya na cewa gwada sau ɗaya. Haɗurra da yawa a wannan wasa daga nan suke fitowa, daga jinkirin haƙura, ba daga rashin iya riƙe sanda ba.

Da na je hutun ƙarshen zango na sami Kawu da dare a ƙofar gida, na kwashe duk wannan na gaya masa, har da bidiyon a waya. Ya kalla sau biyu. Ya ce, "Wanga jirgi, in iska ta ƙare mai, ina shika zuwa?" Na ce gonar mutane. Ya ce, "To shi wanda anka saki, ya san gonar tun bai taso ba?" Na ce a'a, a sama yake zaɓa, amma ba a sakinsa sai an ga ya iya zaɓen. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe suna da hankali. Ɗana, ƙanenka ya iya tahiya. Juyawa ce ban gani ba tukuna."

Sai ya shiga lissafa mini abin da yake kallo in yaron na tuƙi, kuma wallahi ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta wannan dare ba. In an yi tafiyar minti goma sha biyar mota ko babur bai fito daga gaba ba, shin yaron ya lura, ko hira yake da fasinjan gaba? In lokacin noma ne kuma gonakin bakin hanya babu kowa, ya gani? Masu tallan da ke tsayawa a mararraba, in yau ba su fito ba, ya tambayi kansa dalili? Direban da ya wuce ya yi masa alama da hannu ko da fitila, ya karanta? Man da ke tanki zai kai shi inda za shi kawai, ko zai iya maido shi in aka ce a koma? A Gatawa, a Kurawa, a Unguwar Lalle, gidan wa zai shiga da fasinja goma in dare ya kama shi, kuma mai gidan ya san fuskarsa? A wane wuri hanya ke da faɗin da Golf mai lodi za ta juya a bugu ɗaya ba tare da ta faɗa yashi ba? Ya ce shi duk tafiyar da yake yi, a ransa yana riƙe da wurin juyawa na baya da na gaba, in ya wuce ɗaya ya kama wani.

Wanda bai san yankinmu ba zai ce tsoro ne ya yi wa tsoho yawa. Mu mun san abin da hanyoyin nan suka zama. A Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa da ta ratsa dajin Gundumi, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Isa da Sabon Birni. Direban da ya saba bugo waya ya tambayi lafiyar hanya ya wayi gari ba shi da komai sai idonsa da mutanen da ya sani. A Disamban wannan shekara aka tare motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni a kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta, sama da mutum 20 suka rasu. A 2024 aka ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, kuma bai dawo da rai ba. Allah Ya jiƙansu. Ba na kawo waɗannan don in ce direbobinsu sun gaza ba. A nan ma kwatancen nawa yake da iyaka: iska ba ta da mugunta, ba ta yi wa matuƙi kwanto, mai bindiga kuwa yana yi, kuma akwai ranar da duk ƙwarewar duniya ba ta hana. Maganin wannan yana hannun hukuma, ba hannun yaron mota ba. Amma tsakanin ranakun da babu makawa akwai ranaku masu yawa da mota ɗaya ta juya wata ta wuce, kuma a kan waɗannan ranaku Kawu yake magana.

Juyawa kuma tana da tsada, shi ya sa ba kowa ke iya ta ba. An sha mai, za a mayar wa fasinja kuɗi ko a yi rigima, ɗan kamasho ya riga ya cire nasa, mai albasa na kukan kasuwa za ta tashi, wata na cewa asibiti za ta kai yaro. Duk suna bayanka suna cewa direba mu tafi mana, ai babu komai. Dattijo mai furfura zai iya cewa a'a a yi shiru. Yaro ɗan shekara 22 da ke son a ce ya isa, wannan a'a ɗin ta fi masa canza giya a kan tudu nauyi.

Har nan ina tare da Kawu. Inda muka rabu shi ne da na tambaye shi: to sai yaushe? Ya ce sai ya gani. Na ce, "Kawu, me za ka gani, kuma sau nawa?" Ya ce ai ba a ƙidaya irin wannan. Ni kuma a ganina a nan Turawan gilaida suka fi mu, ba a hankali ba, a adalci. Abin da suke nema a rubuce yake. Yaro ya san saura tashi nawa, saura awa nawa, wace jarrabawa ce a gaba. Kowane tashi yana cikin littafinsa, malami ya sa hannu. In ya bar wannan kulob ya koma wani, littafin na biye da shi, ba zai koma wankin jirgi daga farko ba. Kuma cika adadi bai tilasta wa malami ya sa hannu ba, in bai gamsu ba zai ce a sake, amma sai ya faɗi abin da ya rage. A tasha kuwa ma'aunin na cikin cikin maigida. In mai tsoron Allah ne irin Kawu, jinkirin na ƙauna ne. In ba haka ba, yaro ya zama ɗan aikin da ba a biya, a yi ta ja masa rai saboda in an sake shi wa zai ɗaure kaya? Ga kuma ɗaya gefen, wanda ya fi muni: maigidan da ke da mota biyu direba ɗaya, ya miƙa wa yaron wata shida makulli don kada mota ta kwana. Rashin adadi ne ke ba da damar duka biyun.

Mu ma nan ba baƙin wannan tsari ba ne. Wata huɗu na SIWES, shekara guda ta IT bayan ND kafin a karɓe ka HND, duk manufarsu ke nan, kada a saki mutum kan injin mutane da ilimin allo kaɗai. Kuma muna da littafin, logbuk. Sai dai mun san yadda wasu ke cika shafukan wata huɗu a dare biyu a ɗakin kwana, a nemo hatimi a buga. Tasha na da gwajin gaske babu littafi, mu muna da littafi, gwajin ne wani lokaci babu. Na gilaida ya haɗa biyun saboda wanda ya sa hannun ƙarya ya san gawar wa za a ɗauko daga gona.

Abin da na roƙi Kawu ƙarami ne. A sayi littafi mai shafi 80. Duk tafiyar da yaron ya ja mota a rubuta rana, hanya, da abin da ya faru. A raba hanyoyi hawa-hawa: cikin gari da ƙauyukan kusa da rana tsaka shi kaɗai, sannan hanya mai nisa Kawu na kujerar baya bai ce uffan ba, sannan shi kaɗai amma a ayari, bayan motar wani babban direba. Kuma a sa masa gwajin juyawa kamar yadda malamin gilaida ke rage wuta ba sanarwa: ana cikin tafiya Kawu ya ce an tare gaba, ya ga me zai yi cikin daƙiƙa biyar, ina zai juya, gidan wa zai nufa. In ƙungiyar direbobi ta tasha za ta karɓi irin wannan littafi ta riƙa buga masa hatimi, da yaron da maigidansa ya rasu ko suka ɓata ba zai rasa shekarunsa ba.

Kawu bai ce e ba a daren. Ya dai ce 'yan boko komai sai sun mai da shi takarda. Bayan kwana uku ƙanena ya zo mini da littafin, ya ce Kawu ne ya ba shi kuɗin saye. Ni na ja masa layuka da rula. Kawu ba ya rubutun boko, da ajami yake sa alamarsa a ƙarshen kowane layi, kuma akwai layukan da ya ƙi sa wa, ya ce ranar yaron bai lura da wani abu ba, ya kuma gaya masa abin. Adadi ma ya yanka da bakinsa: tafiya 40 masu alama kafin a yi zancen ayari.

Da muka yi waya makon jiya yana kan 23. An sakar masa ƙauyukan kusa ranar da ba kasuwa, kuma sau biyu Kawu ya yi masa gwajin an tare gaba, ɗaya ya ci, ɗaya motar ta zauna a yashi sai da fasinja suka tura. Hanyar Isa har yanzu da Kawu a kujerar baya. Iyayen yarinyar an ce musu su ƙara haƙuri zuwa bayan girbi.